Kafin A Yi Maganar Pixel, A Fara Da Teburin Mai Saita Waya

A garin Katsina da wuya ka ga dattijo ko matar aure sun sayi sabuwar waya sun kunna ta da hannunsu. Ana biyan kuɗi sai a miƙa ta ga yaron da ke bakin tebur a ce ya saita. Shi zai buɗe Gmail, shi zai zaɓi kalmar sirri, galibi lambar wayar mai ita ce ko sunan ɗansa na fari, in an yi sa'a ya rubuta a bayan kwali. Daga nan ya kunna Xender ya kwararo manhajoji daga tasa wayar: WhatsApp iri biyu, na asali da GB, Truecaller, manhajar kiran salla, ta kallon ƙwallo, ta share datti, har da wadda aka ce tana sanyaya batir. Duk tambayar da wayar ta jefo da Turanci, ko a bar wannan manhaja ta ga lambobin mutanenka, ko ta shiga hotuna, ko ta san inda kake, yatsansa ya danna amincewa tun rubutun bai gama fitowa ba.

"Baba, an gama, komi na ciki."

"To madalla, Allah shi yi albarka." A ba shi na goro, a jefa waya aljihu.

A ɗan wannan zaman aka yanke wanda zai riƙa sanin inda Baba ke kwana, da wa yake magana, da abin da ke cikin hotunan iyalinsa, har iya shekarun da wayar za ta yi a hannunsa. Baba bai san an yanke ba. Yaron ma bai sani ba, kuma ba mugunta ya yi ba, haka ya tarar ana yi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan, a 'yan shekarun nan wata magana ta fara yawo tsakanin matasanmu masu sha'awar kwamfuta, 'yan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da kwalejin Hassan Usman da ire-irensu: maganar wayoyin Android da aka gina domin tsare sirri. Za ka ji ana kiran GrapheneOS da LineageOS da /e/OS, wato manyan manhajojin da ake sa wa waya a madadin Android ɗin da ta zo da shi, ana cewa duk wanda bai fitar da Google daga wayarsa ba bai san abin da yake yi ba. Ina cikin masu ganin kyan abin, kuma zan faɗi kyansa. Sai dai in muka kwaso muhawarar yadda ake yin ta a Jamus da Amurka muka dire a Katsina, ƙarshenta wasu 'yan tsiraru ne za su riƙe wayoyi masu tsada suna yi wa juna jinjina, sauran jama'a kuwa asirinsu na ci gaba da fita ta wuraren da toshe su ba ya cin ko sisi.

Android ɗin da ke cikin Tecno ko Samsung ɗinka kashi biyu ce. Akwai tushen, wanda Google ke saki a fili, kowa ya ɗauka ya gyara yadda ya ga dama. Akwai kuma abin da aka ɗora a kansa: Play Store, Gmail, Maps, da wata manhaja da ba ka ganinta a fuskar waya amma ba ta barci, Google Play Services, sannan kayan da kamfanin wayar ya ƙara nasa. Wannan kashi na biyu a rufe yake, ba mai leƙa cikinsa, kuma ya fi duk manhajar da ka sa da hannunka iko a wayar. Masu GrapheneOS tushen suka ɗauka suka ƙara masa ƙarfi, suka ajiye na saman. Wani ɗan Kanada, Daniel Micay, ya faro aikin tun 2014 da wani suna, ya koma GrapheneOS a 2019. In kana son Play Store kana iya sa shi, amma zai zauna ne a matsayin sauran manhajoji, sai abin da ka ba shi izini. Kana iya hana kowace manhaja hawa intanet kwata-kwata. Kana iya nuna wa manhaja lambobi uku kacal daga cikin ɗaruruwan da ke wayarka, ita kuma ta ɗauka su ke nan. Akwai ma lambar sirri ta biyu, wadda in an tsare ka an ce sai ka buɗe waya, kana danna ta komai ya goge. Wanda ya san hanyar Jibiya ko ta Batsari zai gane inda masu wannan dabara suka dosa, ko da yake ni ba zan ba kowa shawarar ya goge waya a gaban mai bindiga ba.

LineageOS kuwa ta gaji wata irinta mai suna CyanogenMod ne a ƙarshen 2016, kuma babban amfaninta raya tsohuwar wayar da kamfani ya daina kulawa da ita. /e/OS aikin wani Bafaranshe ne, Gaël Duval, ana sayar da wayoyi da ita a ciki da sunan Murena.

Duk wannan gaskiya ne, aiki ne mai kyau. To wa zai same shi a nan? Ya zuwa 2025, GrapheneOS a kan wayoyin Pixel, na kamfanin Google, kaɗai yake hawa, Google kuwa ba ya sayar da Pixel a Najeriya. Abin da ke zuwa mana tokumbo ne, ta Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja. Daga cikinsu akwai waɗanda suka fito daga kamfanin layin Verizon na Amurka, an kulle su ta yadda ba a iya canza musu babbar manhaja, kuma mai sayarwa ba zai gaya maka ba don shi ma bai duba ba. Akwai waɗanda wa'adin gyaran tsaronsu ya ƙare ko ya kusa; sai daga Pixel 8 na 2023 ne Google ya yi alkawarin shekara 7. Gilashi ya fashe, ka zaga rumfunan gari a ce sai an aiko daga Kano. Sannan wasu manhajojin banki kan tambayi Google ko wayar tana nan yadda kamfani ya fitar da ita, in amsa ta zo a'a su ƙi buɗewa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 har mai kayan miya da turansifa yake karɓar kuɗi, saboda haka wayar da banki ya ƙi ta zama kayan ado. Wayoyin da ke aljihun yawancinmu kuwa, Tecno da Infinix da itel, duka na kamfani ɗaya ne na Chaina, Transsion, kuma da wuya ka ga sunansu a jerin wayoyin da waɗannan ayyuka ke ɗauka.

Ke nan ba a nan gizo ke saƙa ba, in dai jama'a ake nufi.

Kafin in kai inda yake saƙar, akwai wata magana da nake yawan ji a majalisa: ni ba ni da abin ɓoyewa, duk mai son gani ya gani. Mai faɗin haka gidansa na da zaure. Baƙo na tsayawa a waje ya yi sallama, aboki ya shigo zaure a shimfiɗa masa tabarma, ɗan'uwa na jini ne kawai ke wucewa tsakar gida, shi ma sai ya yi gyaran murya. Ba don ana aikata laifi a ciki aka yi gini haka ba. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Mun san wannan tun muna makarantar allo. Abin da ya rage mu yarda cewa wayar nan ta fi ɗakin kwana tara asiri, kuma izinin da take tambaya sallama ce, ana iya cewa a'a.

Kuma asirin da ke cikinta ba na mai ita kaɗai ba ne. Wata safiya saƙo ya shigo mini daga lambar da ban sani ba, da hoton wani maƙwabcinmu, mutum mai iyali, an rubuta a ƙasa cewa ɗan damfara ne da ake nema, wai kuma ni ya sa in tsaya masa. Ban taɓa sa manhajar bashi a wayata ba. Shi ne ya sa ta a tasa wayar, lokacin da matarsa ke asibiti, ya ci bashin da bai kai kuɗin buhun masara ba, ya danna amincewa, manhajar ta kwashe duk lambobin da ke wayarsa. Surukinsa ya samu saƙon, limamin unguwa ya samu, shugabansa na wurin aiki ya samu. Ya daɗe bai yi sallar jam'i a masallacinmu ba. Wannan abu ya yi yawa a ƙasar nan har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin bashi a Legas cikin Maris 2022, kuma daga ƙarshen Mayu 2023 Google ya hana manhajojin bashi na Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. Amma wannan doka ba ta kai ga manhajar da aka turo maka ta Xender ko ta wani adireshi a WhatsApp ba.

Truecaller ma da taron lambobin jama'a yake aiki, shi ya sa sunanka kan fito a wayar wanda bai taɓa saninka ba, wani lokaci da laƙabin da wani ya ajiye ka da shi. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta sanar da bincike a kansa tun 2019. Muna nan muna sa shi, saboda muna son sanin mai kira, ba mu tambayi yadda shi ya sani ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na manhajojin addini. A Nuwamba 2020 jaridar Vice ta Amurka ta bankaɗo cewa bayanan wuraren da masu amfani da Muslim Pro suke suna zuwa hannun wani kamfani mai suna X-Mode, wanda ke sayar da irin waɗannan bayanai har ga 'yan kwangilar sojojin Amurka. Masu Muslim Pro sun musanta sayar wa soja, suka kuma ce sun yanke hulɗa da X-Mode. A 2022 Google ya cire gomman manhajoji, ciki har da na kiran salla da nuna alƙibla, bayan an gano an dasa musu wani abu na wani kamfani mai rajista a Panama da ke kwasar bayanai a ɓoye. Alhali lokacin salla lissafi ne na rana da wuri. Katsina tana kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya jiya, nan take yau, nan za ta kwana gobe. Sau ɗaya ka gaya wa manhaja garin da kake ya ishe ta lissafa maka Asuba da Magariba har ƙarshen rayuwarka ba tare da ta hau intanet ba. In ta nace sai ta riƙa bin sawunka dare da rana, to ba domin Azahar ba ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wani lokaci ma abin daga kwali yake zuwa. A 2020 Secure-D, sashen tsaron waya na kamfanin Upstream, ya ce ya gano mugayen manhajoji da suka zo a cikin dubban wayoyin Tecno W2 a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru, suna cin data suna ƙoƙarin yi wa mutane rajistar abubuwan biya ba da saninsu ba. Transsion ya amsa cewa abin ya faru, ya ɗora laifin a kan wani daga cikin masu kawo masa kaya.

A nan ne manhajojin buɗaɗɗen tushe suka shigo, kuma su ne ɓangaren wannan magana da ke iya isa hannun kowa yau, a kan itel ɗin da yake riƙe da ita. Ma'anarsu, an baje rubutun da aka gina manhajar da shi a fili, duk mai ilimin abin yana iya karantawa ya ga me take yi da ina take aika bayanai. Na san amsar da za a ba ni: Baba ba zai karanta ba. Ni ma ba zan karanta ba. Amma akwai masu karantawa a faɗin duniya, kuma mai niyyar cuta ya san akwai su. Ga misalin da ya nuna yadda abin ke aiki. Akwai wasu ƙananan manhajoji da ake kira Simple Mobile Tools, na hotuna da kalanda da lambobi, ba talla a cikinsu. A ƙarshen 2023 mai su ya sayar wa wani kamfani da aka sani da cusa talla. Da yake rubutun a fili yake kuma lasisinsa ya yarda, sai wasu suka ɗauka suka ci gaba da shi da sunan Fossify. Da a rufe yake, da sai dai kowa ya yi haƙuri.

Ga kishiyarsa kuma, domin masu saurin yarda da duk wanda ya ce wayarsa ta sirri ce. Akwai wata waya mai suna ANOM da aka riƙa sayar wa masu safarar ƙwayoyi a ƙasashe da dama a kan cewa ba mai iya karanta saƙonninta. A Yuni 2021 aka bayyana cewa hukumar FBI ta Amurka ce ke tafiyar da ita, tana karanta komai, aka kama mutum sama da 800. Ba tausayinsu nake ji ba. Abin lura shi ne alkawarin sirri da ba a iya dubawa magana ce kawai.

Kasuwar irin waɗannan manhajoji ita ce F-Droid, wadda ta faro a 2010. Masu ita kan ɗauko rubutun su haɗa manhajar da kansu, in kuma akwai wani hali da bai dace ba, kamar talla ko bin sawu, su rubuta a jikinta ka gani kafin ka sauke. A can da Play Store za ka samu abin da zai maye gurbin yawancin tarkacen da ake loda mana. LocalSend na tura fayil tsakanin waya da waya ba talla. VLC na buɗe kusan kowane bidiyo da karatu. Organic Maps na ba ka damar sauke taswirar yanki gaba ɗaya ka yi amfani da ita ba sabis. Quran for Android na masu quran.com a buɗe yake, akwai kuma Al-Azan ta kiran salla. Firefox, manhajar shiga intanet, in ka haɗa shi da ƙarin da ake kira uBlock Origin yana tare talla tun kafin ta sauko.

Kuma ni a ganina masu son yaɗa waɗannan abubuwa a Katsina su daina fara magana da leƙen asiri. Su fara da data. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairu 2025, kowa ya koma lissafi. Tallar da ke faɗo maka a tsakiyar karatun Alƙur'ani, ta caca ko ta mace rabin tsirara, da datarka aka sauko da ita, da batirinka aka kunna ta, a garin da caji ma sai an biya. Ka ce wa magidanci ga manhajar da ba za ta nuna wa 'ya'yansa wannan ba, kuma datarsa za ta ƙara kwana, ba sai ka yi dogon wa'azi ba. Mutanen Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-Ma da sauran ƙananan hukumomin, 13 jimilla, da aka yanke wa sabis a Satumba 2021 kuma sun san bambancin manhajar da ke aiki da kanta da wadda ke mutuwa da zarar ƙarfen sabis ya yi shiru.

Sai WhatsApp, wanda ba inda za mu je mu bar shi. Signal, takwaransa wajen aika saƙo, ya fi shi tsare sirri, a buɗe yake, gidauniya ce ke riƙe da shi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro WhatsApp ɗin, Brian Acton, shi ya zuba dala miliyan 50 aka kafa ta a 2018. Amma gurup ɗin dangi, na 'yan ajinku, na masallaci, na masu adashe, duk suna WhatsApp, kuma ba wanda zai ƙaura shi kaɗai ya zauna yana magana da kansa. A yi wa WhatsApp adalci: tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, da fasahar Signal ɗin ma aka kulle su. Abin da kamfanin Meta, mai WhatsApp, ke gani shi ne na kewaye: lambarka, wa kake hulɗa da shi, yaushe, da wace waya. A kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya ne FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yuli 2024, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a Afrilu 2025.

Ɓarnar da muke yi wa kanmu ta fi wannan. GBWhatsApp ba na kamfanin ba ne, ba ya Play Store, wasu ne da ba a san fuskarsu ba suka farke na asali suka ɗinke, kuma duk saƙonka ta hannunsu yake bi. Tambayi mai amfani da shi dalili, zai ce don ya ɓoye cewa yana kan layi, don kada a ga ya karanta saƙo, don ya kulle wata hira. Wato sirri yake nema, daga matarsa ko mai bin sa bashi ko yayansa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yawancin abin da yake nema ma yanzu yana cikin WhatsApp na asali, a wurin saiti, ba wanda ya nuna masa ne. Wannan ya nuna mini cewa ƙarya ne a ce mutanenmu ba su damu da sirri ba. Sun damu ƙwarai, na kusa suke tsoro, ba a taɓa nuna musu na nesa ba.

Akwai inda ko Pixel ba ta kai ba, kuma ya kamata masu tallata ta su riƙa faɗa. Muddin akwai layi a waya, kamfanin layin ya san ƙarfen sabis ɗin da kake kusa da shi, ya san wanda ka kira. Tun Disamba 2020, lokacin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, saboda haka layin da sunanka da hotonka da zanen yatsunka a ɗaure suke wuri guda. Wannan ba manhajar da za ta warware shi, aikin doka ne. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin gida da wasiƙa da hirar waya, an kuma sa hannu a dokar kare bayanai a Yuni 2023, da hukumarta, NDPC. Amma a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN a kan naira 100, har ta ce ta sayi na ministan sadarwa na lokacin kansa. Hukumar NIMC mai kula da NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ta ina ya fita, ya fita.

Wani zai ce, a jihar da ke fama da 'yan bindiga, koya wa mutane ɓoye bayanai taimakon ɓarayi ne. Ban raina wannan magana ba, domin masu yin ta sun binne 'yan'uwa. Amma a duba yadda abin yake. Masu garkuwa da mutane da layin waya na yau da kullum suke kiran dangi su yi cinikin fansa, bayan duk wahalar da aka sha a layin NIN. Wasunsu har bidiyo suke sakawa a TikTok fuska a buɗe. Ba GrapheneOS ke ɓoye su ba. Wanda ke buƙatar sirri a ƙauyukanmu shi ne mutumin da ya ga wucewarsu yake son sanar da jami'ai, yana tsoron infoma, yana tsoron a kama wayarsa a ga lambar da ya kira. Irinsa, da 'yan jarida, da lauyoyi, da ma'aikatan lafiya masu riƙe da bayanan marasa lafiya a waya, su ne nake ganin ya dace a yi musu maganar Pixel da Signal da gaske, kuma in da hali ma'aikatunsu su saya musu.

Sauranmu kuwa, gyaran yana hannun masu saita waya da masu gyara da masu tura finafinai. Su ne malaman fasaha na gaskiya a garin nan, ko an ba su takarda ko ba a ba su ba. Abin da suka ce shi jama'a ke yi. In aka samu waɗannan suka canza hali a abubuwa kaɗan, an yi aikin da taron bita goma a otal ba zai yi ba. Mai saiti ya miƙa wa mai waya ya danna kalmar sirrinsa da kansa, shi ya kau da kai. Ya karanta tambayar izini da Hausa ya jira amsa: Hajiya, wannan tocila ce, tana neman lambobinki, a ba ta? Ya daina sa GB da masu share datti. Ya shiga saitin Google ya goge lambar talla, abin da Android ta yarda da shi tun kusan 2022. Ya nuna wa mai waya ɗigon kore da ke fitowa a sama, daga Android 12 zuwa sama, duk lokacin da wata manhaja ta kunna kamara ko makirfo. Mai gyara kuma ya daina cewa a bar masa lambar buɗe waya don zai canza gilashi. Samsung da Pixel ma suna da yanayi na musamman da ake sa waya a ciki in za a kai ta gyara, hotuna da saƙonni su ɓuya. Hotunan mata nawa suka fita daga rumfar gyara suka kashe aure, kowa a garin nan ya ji labari ko da ɗaya.

Ba kyauta za su yi ba, kuma bai kamata a ce su yi kyauta ba. Saiti mai tsabta sana'a ce da za a iya sa wa farashi, kuma wanda aka sani da riƙon amana zai fi samun masu kawo masa wayar iyalinsu. Ƙungiyoyinsu na kasuwa da hukumar fasahar sadarwa ta jiha, KATDICT, suna iya haɗuwa a kan wannan ba tare da jiran Abuja ba. Jami'o'inmu kuma suna da sashen Hausa da sashen kwamfuta a harabar guda. Yawancin manhajojin F-Droid a buɗe suke ga duk mai son fassara su, ta shafuka irin su Weblate, ba a neman izinin kowa. Ɗalibin da zai rubuta kundin da zai ƙare a kan kanta yana shan ƙura, da an ba shi manhaja ɗaya ya mayar Hausa a ba shi maki a kai.

Akwai wani abu da ke tafe da zai iya rufe wannan hanya tun ba mu shige ta ba. A Agusta 2025 Google ya sanar cewa nan gaba wayoyin Android masu ɗauke da kayansa ba za su karɓi manhaja ba sai wadda mai ita ya yi rajista da Google ya nuna shaidar ko shi wane ne, ko da ba ta Play Store aka sauke ta ba. An tsara farawa a Satumba 2026 a Barazil da Indunusiya da Singafo da Tailan, sauran duniya daga 2027. Masu F-Droid sun fito sun ce in aka yi haka yadda aka faɗa, aikinsu ya zo ƙarshe. Daga baya Google ya ce zai bar wata hanya ga waɗanda suka san abin da suke yi. Google na da hujja, kuma ni da na gama kuka da GB da manhajojin bashi na Xender ba zan ce ba shi da ita ba. Ƙofar da F-Droid ke shigowa ita ce mugayen ke shigowa. Amma rajistar suna ba ta nuna abin da manhaja ke yi a ciki, kamfanonin bashin da suka tozarta mutane ma da sunayensu da ofisoshinsu, a Play Store kuma da yawansu suka zauna. Kamfanin da mafi yawan kuɗinsa daga talla yake fitowa shi zai zama mai tantance wanda zai rubuta manhajar toshe talla. FCCPC da ta iya cin Meta tara tana da hurumin ta tambayi Google yadda wannan tsari zai shafi masu waya a Najeriya, kuma lokacin tambayar kafin 2027 ne.